Kang Engkus Mai Fotokwafi

A ofishinmu na rubuta manhaja a birnin Bandung, babu wanda ya taɓa karɓar abu na ainihi daga hannun Kang Engkus. Ka nemi katin shaidarsa, fotokwafi. Ka ari littafi, fotokwafi. Da abinci na shiga injin kwafi, da baƙinsa sun ci takarda sun ƙoshi.

Shekara ashirin yana sana'ar, sha biyar daga ciki yana ba da umarni kawai. Ya ɗauka kwamfuta ma halinsa gare ta. A ganinsa, in ka miƙa wa metod objek, wato ka ba wani sashen manhaja ƙunshin bayanai ya yi aiki a kai, kwafi ka ba shi.

Nining, mai teburin kusa da shi, ta gaji da gyara masa.

"Kang, ba kwafi ba ne fa. Makullin ɗakinka ka miƙa. Duk abin da ya taɓa, naka ya taɓa."

"Ke Nining, ina rubuta manhaja kina tsotsar yatsa. Ji da aikinki."

Da bikin 'yarsa ya matso, ya ce shi da kansa zai haɗa manhajar aika gayyata ta waya. Sunaye ɗari shida a objek ɗaya. Sai zuciya ta raya masa ya ga nawa za su rage in babu dangin matarsa na garin Garut. Ya rubuta metod mai goge su, ya miƙa masa jerin, ya ga ɗari huɗu, ya yi ajiyar zuciya.

"Gwaji ne, a kan kwafi," in ji shi. Ya aika gayyata.

Mutanen Garut ba sa zuwa inda ba a kira su ba. Ranar biki kujera ɗari biyu suka wuni a wofi, amarya na kuka. Matarsa Imas ta tsare shi sai da ya buɗe kwamfuta, ta ga sunan da ya raɗa wa metod ɗin: "a rage acici".

Sati uku ke nan yana gidan ƙanensa, Imas ta canza kwaɗon ƙofa. Jiya ambulan ya iso ofis daga wurinta, ya farke shi a gabanmu. Wallahi na tausaya masa, amma dariya ta ci ƙarfina.

Sabon makullin ne a ciki. Fotokwafi, gaba da baya.