Agogona a Hannun Bafulatani

Shekarar da kuɗin man fetur ya leƙo aljihun ma'aikata, ina malamin makaranta a Ɓaɓura, na hau mota zuwa Kano na sayo agogon hannu. Baƙi ne mai kauri, da maɗaurin roba, lambobinsa na haske cikin duhu. Ba a murɗa shi, motsin hannu ke tafiyar da shi. Mai kanti ya rantse mini ruwa ba ya shigarsa, ko ya gwaru da dutse ba zai tsaya ba.

Na dawo na hana mutane sakat. In zan yi alwala sai na naɗe hannun riga a gaban jama'a, in bar ruwa ya kwarara a kansa, ina satar kallon masu kallona.

Ranar kasuwa na kai bakina kara, inda ake cinikin shanu. A nan na yi karo da wani Bafulatani dogo, makiyayi daga wajen Gwiwa. Mu gidanmu Barebari ne, tsakaninmu da Fulani kuwa wasa ne tun kakanni: kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Ya saurare ni har na gama yabon agogo, sannan ya kama wuyan hannuna.

"Kai bawana, wa ya ba ka izinin sayen abu ban gwada ba? Kwance."

Dillalai suka fashe da dariya. Na kwance ina yaƙe. Ya ɗaura a hannunsa a kife, ya kora shanunsa ya tafi.

Na ɗauka mako mai zuwa zai dawo da shi. Ya dawo kam, amma da rahoto. Ya ce ya tsallaka rafi da shi ruwa har wuya, yana nan yana bugawa, saura gwajin dutse. Wata kasuwar ya ce ya zame a duwatsun Roni, gwiwarsa ta kumbura, agogo ko a jikinsa. Daga baya ya kwana da shi cikin ƙwaryar nono, ya ɗaura wa bijimi a ƙaho. Karanta lokaci ma bai iya ba, sai ya miƙo mini hannu a tsakiyar kasuwa: "Bawa, duba mini ƙarfe nawa."

"Ranka ya daɗe, gwajin bai ƙare ba ne?"

"Ina! Ai bai ga rani ba tukuna."

Ya ga rani, ya ga damina, ya sake ganin rani. Na yi aure, aka mayar da ni Kazaure, Bafulatanin ya gano gidan. Duk zuwansa da man shanu da fura, ya ci tuwona ya kushe miyar. Haushin agogon bai taɓa barina ba, amma in ya daɗe bai leƙo ba sai in rasa sukuni.

Wata safiya wani magidanci ya yi sallama a ƙofata, dogo kamar Bafulatanin. Ya durƙusa ya miƙo mini agogon, gilashin duk ya karce, maɗaurin an ɗinke shi da fata.

"Baffa, mahaifinmu ya rasu. Ya ce a kawo wa bawansa, a gaya masa agogon yana da kyau, yana iya ɗaurawa."

Agogon ya tsaya, don tun rasuwar ba wanda ya saka shi. Na girgiza shi kaɗan, ya ci gaba da bugawa, ni kuwa na ɗaura shi a hannuna.