Mai Jiran Jirgin Alkama

Cikin mutum tara da Noelene ta ƙirga a gadar da masoya jirgin ƙasa ke taruwa a yankin Wimmera, wani tsoho ne kaɗai ba ta sani ba. Dogo ne, ya ranƙwafa, da kyamara a hannunsa.

Merv, wanda ke gefensa, ya ce, "Dattijo, me ke damunka, gwiwa ko baya?"

"Ido ne. Likita ya ce daga Juma'a in ajiye tuƙi, kuma bas ba ta zuwa nan. Ga ciyawar gida har ƙugu."

Merv ya ce, "To roƙi hadarin nan ya haƙura, in ba haka ba jirgin ba zai zo ba. Ba a lodin alkama cikin ruwa."

Ko da yake ba ta san tsohon ba, Noelene na zaton ya shekara talatin yana zuwa. Yayyafi ya fara, kowa na tattara kayansa. Tsohon kuwa yana tsaye, ya karkata kunne wajen arewa, inda jirgin alkama zai ɓullo.