Na Hana Maigidana Gyaɗa da Ƙwai Don Mikinsa Ya Warke

Ana dab da samun mulkin kai, ni matar manomi ce a Lafia, ga goyo a baya, ga kafiya, don in na tsaya a kan magana ko maigidana sai dai ya yi dariya ya bar ni. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Shi kuwa doya yake nomawa a wajen ƙauyen Adogi, kuma a duk unguwarmu ba wanda ya kai shi ƙarfin huɗa. Wata bazara yana sharar gona, adda ta kuɓuce ta sare shi a ƙwauri. Aka kawo shi gida a kan keke, mai magani ya zo ya ɗaure ƙafar, kowa ya ce kafin ruwa ya sauka zai miƙe.

Gwaggona ta zo dubiya, ta ja ni gefe ta gargaɗe ni cewa mai miki ba ya cin gyaɗa, ba ya cin ƙwai ko kifi ko wake, don su ne ke sa ciwo ya yi ruwa. Haka muka taso muna ji, na kuwa riƙe da hannu biyu. Har ƙari na yi, na cire nama da nono, wai kada maiƙo ya taɓa shi. Daga koko sai dafaffiyar doya, sai tuwo da miyar kuka tsinkakkiya. Ina suyar ƙuli a tsakar gida, ƙamshi na shiga ɗakinsa, yana roƙona ko guda ɗaya in ba shi ya ɗan motsa baki. Ni kuwa sai in hau shi da faɗa, ina cewa kwaɗayi yake so ko ƙafarsa. Wata maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Tibi ta kawo masa busasshen kifi, na yi mata godiya, na zuba wa yara. Wallahi duk don sonsa nake yi.

Damina ta sauka, miki bai rufe ba. Mutumin da ke ɗaukar buhu shi kaɗai ya koma sai an riƙe shi zai je bayan gida. Hannuwa suka shanye, ƙafafu suka kumbura, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa. Da na ga haka sai na ƙara tsanani, ina zargin wani ke ba shi abin da aka hana a ɓoye. Ƙaninsa ne ya gaji, ya ce ko ina so ko ba na so asibiti za a kai shi. Malamin asibitin ya wanke mikin, sannan ya tambayi abin da yake ci. Na zayyana masa har da alfahari. Ya ce uwargida, tsokar da za ta cike wannan rami da me jiki zai gina ta? Ya ce wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nono su ne masu gina jiki, doya da koko ƙarfin yini kawai suke bayarwa. Na kasa haɗa ido da kowa.

Na koma ina yi masa alala da kunun gyaɗa, ina daka kifi a miya, ina dafa ƙwan zabi. Kumburin ya sauka, sannu a hankali mikin ya haɗe. Amma ƙafar ta riga ta ƙage saboda daɗewa a kwance, bai sake huɗa ba. Gonar kuwa ƙaninsa ya bar wa, shi ya koma saƙar tabarma a zaure. Har ya koma ga Allah bai taɓa ɗora mini laifi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Na gane cewa ba kowane hani da muka gada ne magani ba, kuma so ba ya maye gurbin tambaya. 'Yan'uwana masu jinya, kafin ku cire wa marar lafiya wani abinci, ku tambayi masu sani. Abin da zai tashe shi wataƙila yana cikin tukunyarku. Nawa mijin da bakinsa ya roƙa, ni na hana shi.