Kasuwar Inuwa da Ba Ta Cikin Littafi

Akwai abin da mutum yake mantawa da gangan, akwai wanda shekaru suke kwashe masa kyauta. Wannan da zan ba ku ba ya cikin ko ɗaya, ina jin da shi za a binne ni.

Muna yara a Balan, akwai wasu littattafai guda uku na labarin wani yaro da ya faɗa rumbun kakarsa ya ɓulla wata duniya. Yayata ce take karanta mana, don ita kaɗai ta yi nisa a boko. Amma ba sadaka take yi ba. Lokacin ɓarar gyaɗa take zaunar da mu gaban tsibi, da sharaɗin in hannu ya tsaya, baki ma ya tsaya. Haka muka ɓare gyaɗar gidanmu muna bin yaron nan gari-gari. Inda ya fi zauna mini a rai shi ne wata kasuwa da ake cinikin inuwa. Da bazara talaka yakan yanke tasa ya sayar, attajiri ya wuce da jerin inuwoyi a bayansa, shi kuwa yaron yana tona tari yana neman ta mahaifiyarsa.

Na girma na zama malamin makaranta a Gaya, mai bin rubutun 'ya'yan mutane da jan biro. Da 'yata ta fara haɗa baƙi, na cika mata kunne da kasuwar nan har ta ƙagu. Na sa aka sayo mini littattafan daga Kano, na yi mata alkawarin zan kai ta har kasuwar inuwar.

Karatun babba daban ne. Na lura marubucin mai son wa'azi ne, ba a nisa sai ya tsaya jan kunne. Yaron da nake ɗauka jarumi kuwa, ashe rabin wahalarsa rashin jin magana ne. Duk na haƙura, tunda kasuwa tana gaba. Kullum 'yata ta tambaya sai in ce saura kaɗan. Muka kai shafin ƙarshe na littafi na uku, yaro ya fito daga rumbu, kakarsa ta dama masa fura, shi ke nan. Babu kasuwa, babu inuwa.

Ta yi mini irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya ce akuya ta cinye aikinsa. Tarbiyya ta hana ta ce na yi ƙarya, sai na ji tana gaya wa mahaifiyarta wataƙila Abba mafarki ya yi. Abin ya tsaya mini. Na zargi masu buga littafin, daga baya na fara zargin kaina.

Ranar kasuwar Ajingi na hau babur zuwa gidan yayata, inda take aure. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta yi dariya har tana share ido da gefen zani. Ta ce littafi ne ya ƙare, gyaɗa ba ta ƙare ba, ga Baba ya ce a gama kafin ranar kasuwa. Sai ta koma tsakiyar littafin, ta kafa ido a takarda, tana faɗin duk abin da ya zo bakinta.

Na ce, "To Yaya, maimaita mini in rubuta."

Ta ce, "Auta, wallahi ko inuwar ban tuna ba. Ni hankalina yana kan tsibi. Kai da ka riƙe, ba ni in ji."

A tsakar gidanta na ba ta labarinta, tana saurare kamar baƙuwa. Da na tsaya, ta tambaye ni ko yaron ya sami inuwar uwar tasa. Na buɗe baki, sai na gane ban sani ba. Gyaɗa ta ƙare kafin a kai nan.

Na koma na gaya wa 'yata gaskiya, cewa kasuwar ta goggonta ce, da baki ta rubuta ta, kuma babu kwafinta sai wanda yake kaina. Ta yarda, bisa sharaɗin ni zan ƙarasa.

Abin da na koya ke nan: littafin da ka so kana yaro, rabinsa takarda ne, rabinsa muryar da ta karanta maka. Takarda ana sayo ta a Kano. Ɗaya rabin kuwa, in ba ka miƙa shi ga wani ba, ranar da ka tafi ya tafi.