Shafin sola da muka yi wa ƙaura

Shekarun baya, lokacin ina koyar da kwamfuta a wata makaranta a Azare, ni da abokina mun buɗe shafi a intanet muna rubutu da Hausa kan harkar sola: batir, fanel, inbata da injin ban-ruwa. Tare muka yi karatu da shi. Bayan mun gama ya koma garinsu Katagum yana haɗa wa manoman rani injin sola a bakin kogi, ni kuma na zauna a aji.

Rabon aikin mai sauƙi ne. Ni nake rubuta dogon bayani in ɗora, shi kuma yana amsa tambayoyin da mutane ke bari a ƙasan kowane rubutu. A lokacin gani nake ni ne mai shafi, shi ɗan taya hira ne. Sai daga baya na lura mutane tsallake dogon bayanina suke yi su gangara ƙasa. Wani zai ce injinsa na yin ƙara amma ba ya jan ruwa, abokina ya tambaye shi zurfin rijiyar, ya dawo ya faɗa, a yi ta bi har ruwa ya fito. Akwai wani ɗan kasuwa mutumin kudu da ke sayar da kayan sola a kasuwar Azare, duk wanda ya sayi batir a wurinsa sai ya buɗe masa shafinmu a waya ya ce ya karanta kafin ya ƙona kaya.

Shafin irin wanda ake ginawa a kwamfuta ne. Ka rubuta rubutunka, wata manhaja ta mai da shi shafuka, ka ɗora. To manhajar da nake amfani da ita ta tsufa, masu ita sun daina kula da ita. Da tsohuwar kwamfutata ta mutu na sayi wata, sai manhajar ta ƙi tashi a kanta sam. Ba yadda zan ƙara ko layi ɗaya. Dole na nemi sabuwar manhaja na kwashe rubuce-rubucen gaba ɗaya zuwa cikinta.

Ranar da na gama, daɗi ya cika ni. Shafi na buɗewa kamar walƙiya ko da sabis ba ƙarfi. Na kira abokina ina ta cika baki.

Ya ce, "Na gani, ya yi kyau. Amma tun yaushe muka fara ɗaura wa fanel aure?"

Ashe sabuwar manhajar ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, duk inda ta ga ɗaya a adireshin rubutu sai ta cire shi. Rubutun da ke cewa yadda za ka ɗaure fanel saboda iska ya koma yadda za ka aure fanel. Muka yi dariya har hawaye. Sannan ya ce, "Tambayoyin mutane fa? Ban ga ko ɗaya ba."

Na ce masa kada ya damu, adireshi ne ya canza, da na gyara za su dawo. Haka na yi imani. Su tambayoyin da amsoshin ba a kwamfutata suke ba, wani kamfanin waje ne ke ajiye su kyauta, yana liƙa su a ƙasan rubutu idan ya ga adireshin da ya sani.

Gyaran ya zo daidai da lokacin jarrabawa. Ina makin takardu, ina bin adireshi ɗaya bayan ɗaya idan na samu sarari, domin babu hanyar da na sani ta yin su a dunƙule. Ana cikin haka ɗan kasuwar nan ya tare ni a bakin shagonsa ya ce, "Malam, wannan abu naku ya mutu ne? Kwastoma yana danna, ba ya ganin komai." Na ce masa ana gyara ne.

Da na gama gyaran ƙarshe na buɗe shafin, ƙasan kowane rubutu fari fat. Na sake dubawa, na canza wannan na taɓa wancan, shiru. Na rubuta wa kamfanin. Amsar ta zo a gajarce: sun daɗe da daina karɓar ƙananan shafuka na kyauta, tsofaffin kuwa suna barinsu ne muddin suna aiki, amma duk wanda ya yanke na wani lokaci ana share abin da ke cikinsa. Namu an share. Suka ƙare da cewa suna ba ni haƙuri.

Na kasa faɗa wa abokina a waya. Na shiga mota na tafi Katagum, na same shi a wata gonar albasa yana tsugune gaban inji. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba.

Ya ce, "Duka?"

Na ce, "Duka."

Ya goge hannunsa a riga ya ce ba komai, haka Allah ya so. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fara zuba masa dabara, na ce ai ilimin na kansa, ya riƙa faɗa ina rubutawa mu mayar da su.

Ya ce, "Abokina, ni ban taɓa zama na rubuta komai ba. Mutum ne yake zuwa da damuwarsa in amsa masa. Yanzu in amsa wa wa?"

Mun gwada duk da haka. Na saka sabon wurin tambaya. Amma mutanen da suka yi ta dannawa ba su ga komai ba sun riga sun watse, sun koma tura saƙon murya a waya, wanda daga mai tambaya sai mai amsa ke jin sa. Shi kuma bai ƙara rubuta ko kalma a shafin ba. Ba faɗa muka yi ba. Muna gaisawa, ya zo sunan 'yata, na je ta'aziyyar mahaifinsa. Maganar shafi ce dai ba ma yi.

Mutane kan ce in ɗauki darasi in riƙa ajiye kwafin komai. Na ɗauka, yanzu har abin da ba shi da amfani ina ajiyewa. Sai dai darasin bai dawo mini da komai ba. Na kwashe abin da na rubuta da hannuna cikin tsanaki, ban bar ko waƙafi ba, abin da mutane ke zuwa dominsa kuma ban ma ƙirga shi cikin kayan da za a ɗauka ba.

Shafin na nan har yau, ina sabunta shi duk shekara don na kasa rufewa. Wani lokaci nakan buɗe wani tsohon rubutu, in ga yatsana ya tsallake bayanina ya gangara ƙasa da kansa, kamar yadda kowa ke yi a da.