Bangon Bayan Kujerar Baba

Babanmu mai fenti ne, kuma a kan launi taurin kansa ba a magana. Duk wanda ya kira shi aikin ɗaki mai duhu, maganarsa ɗaya ce: a shafa fari. In mai gida ya nace sai shuɗi, Baba ya ɗaure burushinsa a bayan keke, ya ce a nemi wani. Shi kansa in ya tuɓe kayan aiki fararen kaya yake sawa, har abokansa suka laƙaba masa Alli.

Da idon Mama ya fara rauni, ɗakinsu ya zama abin damuwa. Tagarsa ɗaya, ita ma bangon maƙwabci take kallo. Yayarmu ta ce a mai da Mama gidanta, inda rana ke shiga har kan gado. Washegari Baba ya fitar da kaya, ya shafe ɗakin fari fat: bango, silin, ƙofa, har kabad.

Sai abin ya ƙara lalacewa. Mama ta dinga laluben ƙofa, ta buga goshi a kabad. Yaya ta zo da akwati.

Ina wurin ranar. Baba na zaune a kujerarsa jikin bango, Mama ta juya tana yi wa kusurwa magana.

"Ga ni nan," in ji shi.

"Muryarka kawai nake ji, Malam," ta ce. "Kai da bangon kun zama ɗaya. Rashin ganin ƙofa bai dame ni kamar wannan ba."

Ban taɓa ganin jikin Baba ya yi sanyi haka ba, ni kaina sai da na yi ƙwalla. Ya roƙi Yaya ta ɗan dakata. Ya yanko kwalaye, ya shafa wa kowanne launi, yana ɗagawa jikin bango, Mama na cewa "a'a, kawo wani". A kan ruwan ƙasa mai duhu ta tsaya, wanda ya saba yi wa tsiya wai kalar garejin makaniki ce.

Shi ya shafa a bakin ƙofa, da kabad, da bangon bayan kujerarsa gaba ɗaya. Ɗakin ya ƙara duhu, ba ƙarya. Da fentin ya bushe, ya sa fararen kayansa ya zauna. Mama ta shigo ba lalube, ta miƙe har gabansa, ta gyara masa hula.

"Ta karkace," ta ce. "Kuma ka rame."

Yaya ta ɗauki akwatinta ba komai a ciki, ta koma gida.