Ajiyar da Na Kai wa Surukata

Shekarun baya, lokacin da nake aikin walda a ƙarƙashin ogana kusa da Tina Junction, wata rana bayan la'asar ya kira ni gefe. Ogan nan nawa Bayerabe ne, tun yana saurayi ya zo Jos, a nan ya yi furfura. Ya ce idanunsa sun gaji da hasken walda, ƙarshen shekara mai zuwa zai tattara ya koma garinsu.

"Kai ne ka daɗe da ni," in ji shi, da irin Hausarsa. "Inji da janareto, ni ba zai ɗauka ya tafi da shi ba. Ka kawo kuɗi, na bar maka har da shago. Ba ka kawo ba, wani mutum yana nan, kullum yana kira na."

Farashin da ya faɗa na mutunci ne, amma ban taɓa riƙe kuɗi mai yawan haka ba. Na kuma san abin da zai biyo baya idan wancan mutumin ya saya. Zai zo da yaransa, ni kuwa in koma yawon neman aikin yini a shagunan mutane, ga mata ga 'ya'ya biyu.

Ni mutum ne mai son tsari. Karatuna bai wuce ƙaramar sakandare ba, amma ba na fara aiki sai na san na farko, na san na biyu. Don haka na zauna na raba kuɗin a kan watannin da suka rage. Ban raba daidai ba. Da rani ake gini, a lokacin ake neman ƙyaure da ƙarfen taga, sai na ɗora wa watannin rani kaya mai nauyi. Da damina ruwan Jos ba ya barin mutum ya yi aiki a waje, sai na sassauta. Na kuma kafa wa kaina doka, duk ƙarshen wata kuɗin inji ake fara cirewa, kafin cefane, kafin komai.

Tsarin bai da aibu. Wurin ajiya ne ya wahalar da ni.

Na fara da banki, domin ina da asusu da kati. Sai dai katin yana aljihuna, masu cirar kuɗi kuma suna kowace kwana a hanyata ta komawa gida a Dilimi. Yau abokina ya ce matarsa ta haihu, gobe a ce ana haɗa kuɗin biki a unguwa. Wani lokacin ma babu kowa, ƙamshin tsire ne kawai. Da na duba bayan 'yan watanni, abin da ya rage bai kai rabin abin da na zuba ba.

Daga nan na ce to, ai ni maƙerin ƙarfe ne. Na samu farantin ƙarfe mai kauri, na haɗa akwati, na liƙe shi da walda ta ko'ina, ban bar masa ƙofa ba sai 'yar tsaga ta zura kuɗi. Na kawo shi gida ina taƙama, na dire a gaban matata.

"Wannan ko ɓarawo ya ɗauka sai dai ya gaji ya yar," na ce mata.

Ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa, ta ɗago ta dube ni, ta kira ni da sunan da take tsokanata da shi. "Ɓarawo kam ba zai iya ba. Amma Oga, wa yake da injin yankan ƙarfe a gidan nan?"

Ni ba na son raini. Amma gaskiyarta ce. Wanda ya liƙe shi ne yake iya yankewa. Buƙata ta farko da ta taso, na ɗaure akwatin a bayan mashin ɗin haya, na kai shago, na yanke gindinsa, na zari abin da zan zara, na sake liƙewa. Aikin bai fi shan shayi ɗaukar lokaci ba. Na yi haka ya fi sau ɗaya. A karo na ƙarshe ina sauri, sai na ga ba sai na kwashe sauran kuɗin ba, ɗan ɗigon walda kawai zan yi a kusurwa. Ina cikin yi na ji ƙauri. Na ɗaga gilashin fuska, sai ga hayaƙi yana fita ta tsagar. Jama'a, ni da nake yi wa masu koyo faɗa kullum kan su kawar da takarda da tsumma kafin su kunna wuta, ni ne na yi wa kuɗina walda.

Ogana ya zo ya tsaya a kaina yana kallon takardun da gefensu ya ƙone. Bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Ka dafa shi ya nuna?" Sannan ya koma kujerarsa, kafaɗunsa suna rawa.

Wasu daga cikin takardun kuɗin sun karɓu a banki, wasu sun tafi. Da na koma gida na faɗa wa matata, na yi zaton za ta tuna min maganarta. Ba ta yi ba. Ta zuba min tuwo, ta bari na ci, sannan ta ce, "Ka kai wa Inna."

Inna ita ce mahaifiyarta. Tana zaune a Gada Biyu, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli tun rasuwar mijinta. Na ce wace irin magana ce wannan, ni da ko haɗa ido ba na iya yi da ita?

"Shi ya sa," in ji matata. "Kaiwa za ka iya, don bayarwa ba ta da nauyi a baki. Ina so in ga ranar da za ka tsuguna a gabanta ka ce ta ba ka kuɗin tsire."

Haka aka yi. Ƙarshen wata na je, na cire takalmi tun daga nesa, na tsuguna a bakin ƙofa, muka gaisa. Na tura kuɗin gefen tabarma, na yi bayani ina kallon ƙasa. Ita ma gefe take kallo. Abin da ta ce kawai shi ne, "To, Allah ya cika buri." Tun daga ranar, duk ƙarshen wata sai Gada Biyu.

Sau ɗaya shaiɗan ya kai ni da niyyar karɓa. Babbar Salla ta matso, maƙwabcina ya ɗaure wani rago da ya sa nawa ya koma kamar ɗan akuya. Na shirya maganata tun a hanya, na farko zan ce kaza, na biyu kaza. Na isa na tsuguna.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya aiki? Ya yaran?"

"Lafiya ƙalau."

"Madalla."

Na sake cewa ina wuni. Ta sake amsawa. Na tambayi lafiyar ƙafarta, na tambayi kasuwar mai, har kajin gidan na tambaya. Da na rasa abin cewa, na laluba aljihu, na ajiye mata kuɗin goro, na yi sallama. Na je karɓa na dawo da giɓi. Ragon nawa muka yanka, kuma ya ishe mu.

Abin da ni da matata ba mu hango ba shi ne, kunyar da ta hana ni karɓar kuɗin rago ba ta san ranar alkawari ba. Shekara ta ƙare, lissafi ya cika, ogana ya fara ɗaure kaya. Na je Gada Biyu na tsuguna, bakina ya ƙi buɗewa. Na gaishe ta na dawo. Na sake komawa, haka. Ogana ya ce motar da za ta kwashi kayansa ranar Asabar za ta zo, kuma mutumin nan ya zo har shago yana shafa janareto.

Na ce wa matata ta je ta karɓo min.

"Ni ka ba ajiya?" ta ce. "Inna ba za ta ba ni ba. Ta ce amana hannun da ya kawo shi yake karɓa."

"Ke kin san ba zan iya ba."

"Mutumin da yake daka wa masu koyo tsawa har a ji a titi? Je ka, Oga. Ba ta cizo."

Ranar Alhamis da safe na tafi. Na tarar tana matsar mai a tsakar gida. Na tsuguna, muka gaisa. Na tuna hannun mutumin nan a kan janareto. Na kafa idona a kan wani dutse, na ce, "Inna, lokacin injin nan ya yi. Na zo karɓar ajiyar." Muryata kamar ta ɗan firamare.

Ta goge hannunta da zani. "Alhamdu lillahi, ashe bakin yana aiki. Tun zuwan farko na san abin da ya kawo ka. Na ce mai shirin riƙe shago, gara ya koyi tambayar abin da yake nasa."

Na yi zaton za ta shiga ɗaki ta ɗago katifa. Sai ta ɗauko mayafi. Ashe kuɗina bai taɓa wuce kwana ɗaya a gidan ba. Duk wanda na kawo, washegari take hawa keken haya mai ƙafa uku ta kai banki, ta bi layi da ciwon ƙafarta, ta zuba a asusun da take ajiye kuɗin manta, wanda ba ta yarda an yi masa kati ba.

"Gidan da ake suya kullum ba wurin ajiye takarda ba ne," in ji ta, tana kallon gefe. "Na ji labarin yadda wuta take yi da kuɗi."

Na so ƙasa ta tsage. Muka tari keke, ta shiga baya, ni na matse a gaba kusa da direba, don ba zan iya zama kafaɗa da kafaɗa da ita ba. Kafin azahar kuɗin yana hannun ogana. Ya ƙirga, ya miƙo min makullin shago, ya ce in gaishe da Mama, wato Inna.

Yanzu idan masu koyo a shagona suka tambaye ni yadda ake tara kuɗi, a jere nake ba su. Ka fara sanin abin da kake tarawa dominsa. Ka yanka wa kowane wata abin da zai iya ɗauka, ka cire shi kafin ka taɓa sauran. Sai na ukun, wanda na fi daɗewa ban gane ba. Banki yana tsare kuɗi daga wuta da ɓarawo, amma ba ya tsare shi daga mai shi. Wannan sai ka nemi mutumin da kake jin nauyinsa, ka sa shi tsakaninka da kuɗin.

Inna ta tsufa yanzu, ta bar matsar mai, ba ta iya zuwa banki. Ni nake kai kuɗina da kaina. Amma duk ƙarshen wata ina biyawa ta Gada Biyu, in tsuguna a bakin ƙofa, in ce mata na zuba na wannan watan. Ba ta taɓa cewa in nuna mata shaida ba. Ni kuma ban taɓa iya zuwa gabanta da watan da ban zuba ba.